Wace Bindiga Ta Dace Da Yaro Ɗan Shekara 12 Mai Son Farautar Barewa?

Tambaya: Ina zaune da iyalina a jihar Texas ta Amurka. Ɗana mai shekara 12, wanda nauyinsa bai wuce kilo 40 ba, ya matsa mini in kai shi farautar barewa mai farar wutsiya, kamar yadda 'yan ajinsu ke zuwa da iyayensu. Wani abokin aikina ya ce in saya masa babbar bindiga mai cin harsashin .30-06 gaba ɗaya, ya girma da ita. Wace bindiga da wane harsashi suka dace da shi?

Amsa: Malam, Allah ya raya mana shi, ya yi masa albarka. Abokin aikinka da kyakkyawar niyya ya ba ka shawara, amma kada ka ɗauka. Bindiga ba rigar Sallah ba ce da za a ɗinka wa yaro da girma a ce baɗi zai cika ta. Wadda ta fi ƙarfinsa yau za ta koya masa tsoro, kuma tsoron bindiga idan ya shiga jikin yaro yana daɗewa bai fita ba.

Abin da zan ce ka saya shi ne bindiga mai sakata, wadda ake ja da hannu a ɗora harsashi ɗaya bayan ɗaya, ƙirar yara mai gajeren gindi, mai cin harsashin .243 Winchester. Harsashin kuma ya zama mai nauyin giren 95 ko 100 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi), wanda aka ƙera musamman domin barewa. Sannan ka haɗa masa da ƙaramar .22 ta koyon harbi. Ga dalilai.

Duk lokacin da harsashi ya fita gaba, bindigar takan dawo baya ta daki kafaɗa. Wannan shi ne shurinta, kuma Amurkawa suna auna shi da ma'aunin ƙafa-laba. A bindiga mai nauyin laba 7 da rabi zuwa 8, .30-06 da harsashin giren 180 tana shuri da kusan 20. Ita .270 Winchester da .308 Winchester suna wajen 16 zuwa 18. Sai 7mm-08 da 6.5 Creedmoor, wajen 12 zuwa 13. Ita kuwa .243 wajen 9 take, wato ƙasa da rabin .30-06. Ƙato mai kilo 90 ma idan ya yi harbi ashirin a jere da .30-06 sai ka ga ya fara runtse ido, balle yaro mai kilo 40 wanda kafaɗarsa ƙashi ce da fata.

Ciwon kafaɗa kwana biyu ne ya wuce. Abin da ke zama shi ne zabura. Jiki yakan koyi cewa duka na tafe, sai ya riga shi: ido ya rufe, kafaɗa ta tura gaba, yatsa ya fizgi kunama maimakon ya matsa ta a hankali. Duk wannan yana faruwa ne kafin harsashi ya bar bututu, shi ya sa yake ɓata saiti. Yi lissafin da kanka. Tsawon bindiga kusan mita ɗaya ne. Idan bakinta ya kauce da milimita ɗaya tak, a nisan mita 100 harsashi ya kauce da santimita 10. Zabura takan kai milimita biyu ko uku cikin sauƙi. Wurin da zuciya da huhun barewa suke kuwa faɗinsa wajen santimita 20 ne. Ka ga harbin da aka nufi huhu da shi sai ya sauka a tumbi ko ƙafa, dabba ta gudu da rauni ta je ta mutu a inda ba wanda zai same ta, yaro kuma ya koma gida da baƙin ciki. Babban harsashi a tumbi bai kai ƙarami a huhu amfani ba, kuma duk zaɓin da za mu yi daga nan a kan wannan ya dogara.

Kamfanin Winchester ya fito da .243 a 1955, ta hanyar ɗaukar kwanson .308 ya matse wuyansa ya koma kaurin milimita 6. Harsashin giren 100, wato giram 6 da rabi, yana fita da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa, kuma har yadi 200 tafiyarsa kusan a miƙe take, don haka yaro ba ya buƙatar lissafin ɗaga baki. Barewar Texas ba ta da girma sosai, musamman ta yankin tuddan tsakiyar jihar, kuma wannan harsashi ya isar mata sarai. Ana samunsa a kusan kowane shagon kayan farauta, wanda ba ƙaramin abu ba ne idan lokacin farauta ya matso kaya suka yi wuya.

Amma fa .243 tana da tarko, kuma a nan mutane da yawa ke faɗawa. Harsashinta kala biyu ne a kan kanta ɗaya. Akwai mara nauyi, giren 55 zuwa 75, mai siririyar riga, wanda aka yi domin ƙananan dabbobi irin su dila. Shi wannan da ya taɓa jiki yake tarwatsewa. Idan ya daki ƙashin kafaɗar barewa sai ya yi mummunan rauni a waje bai kai ga huhu ba. Wanda kake nema shi ne mai buɗewa kamar lema bayan ya shiga, amma ya riƙe nauyinsa ya ratsa: Remington Core-Lokt, ko Federal Fusion, ko Nosler Partition. Akwai kuma na jan ƙarfe zalla irin Barnes TTSX, wanda yakan zo da giren 80 kuma ya ratsa sosai duk da rashin nauyinsa, ba ya kuma barin ɓurɓushin dalma a naman da iyali za su ci. A Kalifoniya ma tun 2019 doka ta hana farauta da harsashin dalma. Harsashi mai cikakkiyar riga irin na soja, wanda ba ya buɗewa, da na gasar harbin allo, duk ka bar su a shago. Karanta kwalin: na barewa yakan faɗa, sau da yawa har da hotonta.

Idan yaron ya fi haka jiki, ko kana hangen wata rana zai nemi manyan dabbobi a jihohin tsaunuka, to 7mm-08 Remington, wadda ta fito a 1980, ita ce bindigar da za a iya cewa ya girma da ita da gaske. A fara da harsashi mai ragaggen ƙarfi, irin Hornady Custom Lite na giren 120, wanda shurinsa ya yi kusa da na .243, in ya ƙara shekaru a koma giren 140. Ramin da harsashinta ke hudawa ya fi faɗi, jini ya fi zuba, bin sawu ya fi sauƙi. Ita ma 6.5 Creedmoor ta 2007 tana aiki, sai dai asalinta ta gasa ce, shi ya sa kantuna suke cike da harsashinta na allo, dole ka buɗe ido wajen saye.

Sauran a gurguje. Doka a Texas ta yarda da .223 ga barewa, shurinta kuma wajen 4 ne kawai, amma ba ta yafe kuskure ko kaɗan, kuma jihohi irin su Virginia da Colorado ba su yarda da ita ba saboda ƙanƙantar kaurinta. Ƙaramar .22 ta koyo doka ta hana harbin barewa da ita. Tsohuwar .30-30 mai mariƙin ja daga ƙasa shurinta da sauƙi, amma sai an saukar da gudumarta da babban yatsa a kan harsashi mai rai, kuma yatsan yaro a safiyar sanyi yakan suɓuce. Mai loda kanta kuwa ba na ba wa ɗan koyo shawararta: ya harba, barewa ta faɗi, murna ta kama shi ya juyo yana "Baba ka gani?", alhali wani harsashin ya riga ya hau, yatsansa kuma yana kan kunama. Mai sakata ba ta sake tashi sai an ja ta da gangan. Idan kuma aiki ya mayar da ku jiha irin Ohio, inda sai harsashi mai miƙaƙƙen kwanso aka yarda da shi, .350 Legend ta 2019 ce takwarar .243 a can.

Yanzu ga abin da ya fi kaurin harsashi muhimmanci, wato yadda bindigar ta zauna a jikinsa. Ka je shagon da shi, kada ka saya a bayan idonsa, kuma ya sa rigar sanyin da zai yi farauta da ita, domin kaurinta yana ƙara kusan rabin inci. Awon da ake dubawa shi ne daga kunama zuwa ƙarshen gindi. Na manya inci 13 da rabi ne, yaro irin naka yana buƙatar 12 zuwa 12 da rabi. Bindigar da ta yi wa yaro tsawo a tsayuwarsa ake gane ta: zai ja ƙugu gaba ya gantsare baya don ya ɗauki nauyinta, wuya ya miƙe kamar na zalɓe yana neman madubin saiti da ke ɗaure a saman bindigar, gindin kuma ya zame daga kwarmin kafaɗa ya koma kan dantse. A nan ne shuri ke zafi ninki biyu, ko da harsashin ƙarami ne. Idan ta yi masa daidai, tsakanin hancinsa da babban yatsansa na hannun kunama za ka iya sa yatsu biyu. Ka sa ya rufe ido, ya ɗora ta a kafaɗa, ya kwantar da kunci, sannan ya buɗe. Idan ya ga cikakken da'irar madubi ba tare da ya motsa kai ba, ta zauna. Idan sai ya ɗaga kunci, gindin ya yi ƙasa ga fuskarsa, sai a ɗaura matashin kunci, abu ne mai araha.

Ƙirar yara da ake samu sun haɗa da Ruger American Compact, Savage Axis Compact, Mossberg Patriot Super Bantam, Tikka T3x Compact da Weatherby Vanguard Compact. Ukun ƙarshe suna zuwa da ƙarin da ake sa wa gindi idan hannu ya yi tsawo, kuma wannan shi ne amsar damuwar abokin aikinka ta cewa yaro zai girma.

Wani kuskuren da tausayi ke jawowa shi ne neman mafi rashin nauyi. Nauyi ne ke shanye shuri. Harsashi iri ɗaya a bindiga mai laba 6 yana bugu da ƙarin kashi ɗaya cikin uku a kan mai laba 8. Tunda a rumfar fako zai zauna, bindiga a kan madogari, kai ne ma za ka ɗauko masa ita daga mota, laba 7 da rabi zuwa 8 har da madubi ya yi. Bututu inci 20 ya fi 16 ko 18, domin gajere ya fi ƙara da tartsatsin wuta. Ƙarfen nan mai huji-huji da ake ɗaurawa a baki don rage shuri ka ƙyale shi, yana rage duka amma yana watso ƙara zuwa kunnen yaro da naka. Kunama kuma ta saki a nauyin laba 3 zuwa 4. Mai tauri tana sa ƙaramin yatsa fizga, mai laushi sosai tana tashi ba a shirya ba.

Kafin a biya kuɗi a gwada idonsa. Ya miƙa hannaye ya yi ɗan rami tsakanin tafukansa, ya kalli wani abu mai nisa ta ciki da ido biyu, sannan ya jawo hannun zuwa fuska. Idon da ramin ya sauka a kai shi ne jagora. Idan na hagu ne, ko da da dama yake rubutu, ya fi sauƙi a koya masa harbi ta kafaɗar hagu tun yanzu, a kuma nemi bindiga ta bahago.

Madubin saiti mai kusantowa sau 2 zuwa 7, ko 3 zuwa 9, ya wadatar. Abin dubawa shi ne tazarar ido, kada ta gaza inci 3 da rabi. A ɗaure shi yaron yana riƙe da bindigar a zaman da zai yi harbi, madubin yana kan mafi girman kusantowa, domin a nan tazarar ta fi gajarta. Idan an ɗaure shi bisa awon babba, yaro zai matso da fuska, shuri ya kawo bakin madubin ya tsaga masa gira, kuma tsaga ɗaya ta isa ta haifar da zaburar da muke gudu. A daji a bar shi a kan 3 ko 4, don kada barewa ta fito ya rasa ta a ciki. Kuma tun ranar farko ya sani madubin bindiga ba na kallo ba ne. Duk abin da ya leƙa da shi ya auna shi da harsashi, sai a ba shi tabarau na hangen nesa daban.

Rabin abin da yara ke kira shuri ƙara ce. Sautin da ya wuce desibel 140 yana iya lalata ji a bugu ɗaya, .243 kuwa ta haura 155. A filin koyo ya sa abin toshe kunne na soso, ya ɗora na rufewa a kai, duka biyun. A daji akwai na rufewa mai batir wanda ke barin magana ta shiga ya datse ƙarar harbi, da shi zai ji raɗarka.

Koyo da .22 ake yi, mai sakata ita ma, mai madubi, don hannu ya saba da motsi iri ɗaya. Harsashinta da araha, ba ta shuri, sai ya harba ɗaruruwa cikin watannin da suka rage kafin Nuwamba. Babbar kuwa kada ya wuce harbi goma a zama ɗaya. Kai ne za ka daidaita mata saiti a kan buhun yashi: fara daga yadi 25 don harsashi ya hau takarda, sannan ka koma yadi 100. A yawancin madubai danna ɗaya yana matsar da harbi rubu'in inci a yadi 100, ke nan a yadi 25 sai danna 16 kafin ya matsa inci ɗaya, kuma rashin sanin wannan ne ke sa mutane ƙone kwali guda a banza. Harba uku, ka bar bututu ya huce, ka gyara bisa tsakiyar ukun. Bayan nan yaron ya tabbatar da kansa, domin kuncinsa da kafaɗarsa ba naka ba ne. Harsashin da aka yi saiti da shi, da shi ake farauta, canza kamfani ko nauyi yana canza inda yake sauka.

Ga hanyar kama zabura. Sayi harsashin wasa, wanda ba shi da albarushi. Ka riƙa loda masa da kanka yana kallon gefe, wani lokaci na gaske, wani lokaci na wasa. Ranar da ya matsa kunama a kan na wasa, ka zuba ido a bakin bindigar. Idan ya tsaya cak, madalla. Idan ya duƙa ƙasa, shi ma yaron zai gani da idonsa, ba sai an yi masa faɗa ba. Sai a ajiye babbar a koma .22 na mako biyu.

Iyakar nisansa kuma faranti ne zai yanke. Kafa farantin takarda na cin abinci, mai faɗin inci 8 ko 9, ya harba biyar daga sanda mai ƙafa uku ko tagar rumfa, yadda zai yi a daji. Nisan da biyar ɗin duka suka shiga, nan ne iyakarsa. Ga yawancin masu farawa yadi 60 zuwa 100 ne, kuma a farautar Texas wannan ya isa. Ya jira barewa ta ba shi gefe tana tsaye, ya bi ƙafar gaba da ido zuwa sama, ya sa saiti dab da bayan kafaɗa, kashi ɗaya cikin uku daga ƙasan ƙirji. Ban da kai, ban da wuya, ban da mai gudu, ban da wadda ke tsaye a kan tudu babu ƙasa a bayanta da za ta tare harsashi.

Tunda nama za a ci, kada a manta da hukunci. Mai harbin ne ke yin bismillah a lokacin da zai saki. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim da ke cikin Buhari da Muslim, an halatta abin da makami ya huda, an hana wanda ya buge da gefensa ya kashe, kuma a kan haka malaman Malikiyya da suka zo daga baya suka halatta abin da harsashi ya kashe. Idan kun tarar da ita da sauran rai, sai a yanka, don haka wuƙa mai kaifi ta kasance a jikinka. A tunkare ta ta baya, domin kofaton barewa yana tsaga fata.

Ta fuskar doka, dillali mai lasisi ba ya sayar wa wanda bai kai shekara 18 doguwar bindiga, kai ne za ka saya da sunanka. Idan da biza kake zaune ba da takardar zama ta dindindin ba, akwai ƙarin sharuɗɗa na tarayya, ka warware su kafin ka taka shago. Yaro yana buƙatar lasisin farauta na yara, kuma mai shekara 9 zuwa 16 ko dai ya yi kwas ɗin koyar da mafarauta, ko ya kasance tare da babba mai lasisi wanda ya cika sharaɗin, kusa yadda zai ji muryarsa. Ku yi kwas ɗin tare, kai ma idan bayan 1 ga Satumba 1971 aka haife ka ya hau kanka. Yawancin filayen Texas na masu zaman kansu ne, samun wuri shi ne wahala, don haka ka nemi shirin Texas Youth Hunting Program, wanda ke kai yara 'yan shekara 9 zuwa 17 farauta tare da iyayensu da ƙwararrun masu sa ido. Akwai kuma ranakun da aka keɓe wa yara zalla kafin a buɗe wa kowa. A filin gwamnati sai da riga da hula masu ruwan lemo mai haske.

A gida, bindiga a kulle a akwatin ƙarfe, babu harsashi a ciki, sakata a cire, harsasai a wani wurin daban, makulli a hannunka. Dokar Texas tana hukunta wanda ya yi sakaci har yaro ƙasa da shekara 17 ya kai ga bindiga mai harsashi. Kwali ɗaya kawai ake buɗewa a teburin harbi, a kuma duba rubutun gindin kwanso ya yi daidai da na jikin bututu, domin .243 da 7mm-08 da .308 uwarsu ɗaya, a ido kusan ba a bambanta su.

Wani abu kuma da iyayenmu mazauna waje ke mantawa: duk wannan a Amurka ya tsaya. A Najeriya dokar bindigogi ta 1959 ba ta ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, kuma shiga ƙasar da harsashi ba tare da izini ba babban laifi ne. Yara suna son ajiye kwanson harbinsu na farko, wani lokaci har da harsashi mai rai da ya maƙale a aljihun rigar sanyi ko ƙasan jakar goyo. Duk lokacin da za ku tafi gida hutu, jakar da ta taɓa zuwa daji a zazzage ta aljihu bayan aljihu kafin a nufi filin jirgi, in da hali ma a bar ta a ɗauki wata.